ASALIN TURJIYAR ƘWAYAR ZAZZAƁIN CIZON SAURO GA MAGANI DA YADDA TAKE YAƊUWA: NAZARI DAGA YANKIN BAKOLORI

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan ƙasida ita ce ta yi bayani a kan yadda ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, wanda mutanen ƙasar Sakkwato da Zamfara suka fi kira masassara, take gagarar magungunan da a da suke kashe ta, da inda wannan gagara ta faro, da kuma hanyoyin da ta bi har ta iso ƙasar Hausa. An zaɓi a dubi al'amarin ta fuskar yankin Bakolori, watau ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun na Jihar Zamfara, saboda yawancin abubuwan da masana suka ce suna renon wannan matsala ana iya nuna su da yatsa a can. Za a yi amfani da kalmar "turjiya" da nufin halin da ƙwayar cuta take shiga na ƙin mutuwa, alhali kuwa an ba majinyaci magani mai kyau, ya kuma sha adadin da aka ƙayyade masa.

Kafin a yi nisa ya kamata a raba wasu abubuwa uku da akan cuɗanya. Sau da yawa akan ji mutum ya ce jikinsa ya saba da magani kaza, shi ya sa ba ya yi masa aiki. Jiki dai bai canja ba. Ƙwayar da ke cikin jininsa ce ta zo da wani hali dabam. Haka kuma akwai turjiyar sauro ga maganin feshi, wadda ita ma tana da tarihi a wannan yanki: a shekarar 1954 aka fara aikin gwajin yaƙi da sauro a yammacin Lardin Sakkwato, wajejen Birnin Kebbi, amma kafin ƙarshen 1955 an gano sauron ya daina jin maganin dayaldirin da ake fesa wa ɗakuna. Wannan batun sauro ne. Namu batun shi ne na ukun, watau ƙwayar da sauron yake ɗauka, musamman nau'in da masana ke kira falsifaram, wanda shi ne ke kisa, kuma shi ne ya fi yawa a ƙasarmu.

2.0 Yadda Turjiya Take Samuwa

Idan macen sauro ta ciji mutum, ƙwayar takan fara sauka a hanta, ta yi kamar mako guda tana hayayyafa, sa'an nan ta fantsama cikin jajayen ƙwayoyin jini. A nan, duk bayan kwana biyu ƙwaya ɗaya takan fashe ta fitar da 'ya'ya wajen 16 ko fiye. Babban mutum da ciwon ya kayar sosai yana iya ɗauke da ƙwayoyi miliyan sau miliyan a jikinsa. Kowace daga cikinsu kuwa sai da aka kwafa mata rubutun halittar uwarta kafin ta samu.

Duk wanda ya taɓa hulɗa da littattafan da aka kwafa da hannu a zaurukan malamai ya san cewa mai kwafi, kome ƙwarewarsa, yakan yi tuntuɓen alƙalami: ya ƙara ɗigo inda babu, ko ya tsallake harafi. To, haka abin yake ga ƙwayar cuta. Mafi yawan irin waɗannan kurakurai ba su da amfani gare ta, wasu ma halaka ta suke yi. Amma jefi-jefi akan sami kuskuren da zai sa magani ya kasa kama ta. Abin lura a nan shi ne, kuskuren yakan auku ko da magani ko babu. Aikin magani shi ne tankaɗe: ya zubar da duk masu jin sa, ya bar mai taurin kai a kan rariya. Ita kuma da ta ga fili ya zama nata sai ta yi ta hayayyafa, sauro ya kwashe ta ya kai gidan maƙwabci.

Magunguna ba su zama ɗaya ba wajen sauƙin gagara. Firimetamin, wanda iyayenmu suka sani da sunan Daraprim ko ƙwayar Lahadi-Lahadi, kuskure ɗaya tak ya isa ya rage masa ƙarfi. Saboda haka duk inda aka raba shi ga jama'a gaba ɗaya, ba a rufa shekara biyu sai turjiya ta bayyana. An ga haka a Mkuzi ta ƙasar Tanganyika a farkon shekarun 1950, kuma a 1960 wani likita mai suna Archibald ya ba da rahoton irin wannan a wani ƙauye na Arewacin Nijeriya.

Kulorokwin kuwa ya fi wuyar sha'ani, kuma ya kamata a ɗan tsaya a kansa. Ƙwayar cutar tana cin jan sinadarin da ke cikin jini ne, ta narkar da shi a wata 'yar jaka da ke cikinta mai kama da tumbi. Narkarwar tana barin wani dafi wanda dole ta daskarar da shi, in ba haka ba ya kashe ta. Kulorokwin yakan taru a cikin jakar ya hana daskarewar, sai ƙwayar ta mutu da dafin abincinta. A shekarar 2000 Fidock da Wellems da abokan aikinsu a Amurka suka gano cewa ƙwaya mai turjiya tana da wata kafa a jikin jakar wadda ta sauya, tana fitar da maganin waje kafin ya yi aiki. Sun kira gurbin halittar da ke tsara kafar da suna pfcrt. Kafin kafar ta iya wannan aiki sai kurakurai da dama sun haɗu a wuri guda, daga huɗu har zuwa takwas. Wannan ne ya sa, duk da tulin kulorokwin da aka sha a duniya, wuraren da turjiyarsa ta tsiro da kanta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Akwai wani abu kuma da ba a cika kula da shi ba, watau daɗewar magani a jiki. Kulorokwin yakan yi makonni, har fiye da wata, yana raguwa a hankali cikin jini. A wannan tsakani ya yi rauni ƙwarai, amma bai fita ba. Idan sauro ya kawo sabuwar ƙwaya a lokacin, mai jin magani za ta mutu, mai ɗan taurin kai ta tsira. Ke nan a wurin da cizo bai yankewa, kowane mutum da ya sha magani ya zama rariya mai tafiya da ƙafafunta har tsawon makonni.

3.0 Daga Kambodiya Zuwa Ƙasar Hausa

Wani Bajamushe mai suna Hans Andersag ne ya haɗa kulorokwin a 1934 a kamfanin Bayer, amma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bazu. Ga araha, ga saurin aiki. Da shi da feshin DDT Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara lokacin da ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar daga duniya a 1955, shirin da aka jingine a 1969. Tun wajen 1957 aka fara ganin alamun gazawarsa a kan iyakar Tailan da Kambodiya, sa'an nan kusan lokaci guda a Kolombiya ta Kudancin Amurka.

Garin Pailin na yammacin Kambodiya shi ne sunan da ya fi fitowa a wannan tarihi. Wuri ne na haƙar duwatsu masu daraja, irin su yaƙutu. 'Yan ci-rani sukan zo daga nesa, yawancinsu ba su da garkuwar cutar, su kwana a daji kusa da ramukan da ruwa ya kwanta, su kamu, su sayi ƙwaya biyu ko uku su haɗiya don su koma aiki, in sun samu abin da suka samu su koma garuruwansu da abin da ke cikin jininsu. Daɗin daɗawa, a farkon shekarun 1960 hukuma ta riƙa gauraya magani cikin gishirin miya tana rarrabawa a yankin. Niyyar dai mai kyau ce, amma sakamakonta shi ne dubban mutane suna yawo da ɗan magani kaɗan a jini, wanda bai isa kisa ba, ya dai isa tankaɗe.

Daga nan turjiyar ta bi yamma, ta ratsa Bama, ta shiga Indiya a 1973. A 1978 aka tabbatar da ita a Kenya da Tanzaniya. Ta keta tsakiyar Afirka, ta iso Kamaru a tsakiyar shekarun 1980, ta shigo Nijeriya ta kudu maso gabas kafin ƙarshen waɗannan shekaru.  A 2002 binciken rubutun halitta ya nuna cewa ƙwayar da ta gagari kulorokwin a Afirka jikar ta Asiya ce. A 2004 Roper da abokan aikinta suka nuna haka nan ga turjiya mai tsanani ta firimetamin, wanda shi ne rabin maganin Fansidar. Watau sau biyu ana yi mana baƙuwa daga wuri guda.

Mai sauraro zai iya tambaya: Afirka ce ta fi kowa yawan cutar, don me turjiyar ba ta fara daga nan ba? Masana sun kawo dalilai biyu. Na farko, babban mutum a Bakura ko Maradun ya sha cizo tun yana goye, jikinsa ya sami garkuwa. Yana iya ɗauke da ƙwayar bai sani ba, bai kuwa sha magani ba. In ma ya sha, garkuwar takan ƙarasa abin da maganin ya bari. Saboda haka kaso mai yawa na ƙwayoyin ƙasarmu ba su taɓa haɗuwa da rariya ba. Na biyu, a wurin da cizo ya yi yawa mutum ɗaya yakan ɗauki dangogin ƙwaya iri-iri, su yi auratayya a cikin sauro, kurakuran da suka taru wuri guda su sake watsewa. A Pailin kuwa kusan duk wanda ya kamu sai ya kwanta, duk wanda ya kwanta sai ya sha magani, kuma dangin ƙwaya ɗaya ne a jikinsa.

To, amma fa wahalar tsirowa ba ta hana saurin yaɗuwa ba. Da baƙuwar ta sauka, ta tarar da sauron da ya fi na ko'ina iya ɗaukar cuta, da kuma kulorokwin a kowane teburin mai kayan koli. Abin da ya biyo baya an auna shi a Sanigal: Trape ya nuna a 1998 cewa a yankuna uku da ake bin lissafin mace-mace, mutuwar yara ta dalilin wannan cuta ta ninka sau biyu a wani wuri, ta ninka fiye da sau biyar a wani, bayan isowar turjiyar.

A Nijeriya, gwajin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta gudanar a shiyyoyi shida a 2002 ya nuna wani bambanci mai ban sha'awa. A kudu maso gabas, yaran da kulorokwin ya warkar ba su kai ɗaya cikin goma ba. A arewa maso yamma kuwa ya warkar da kimanin uku cikin huɗu. Wannan ya dace da hanyar da turjiyar ta biyo, ya kuma bayyana abin da ya sa mutanenmu suka daɗe suna riƙe da kulorokwin bayan gwamnati ta sauke shi daga matsayin maganin farko a 2005. A ganinsu yana aiki. Sai dai ɗaya cikin huɗun nan da bai warke ba, galibi ƙaramin yaro ne wanda garkuwarsa ba ta ƙosa ba.

4.0 Yankin Bakolori

An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, da nufin shayar da kadada 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Kafin wannan, masassara a yankin abar damina ce da kaka: ta taso da saukar ruwa, ta yi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, ta lafa in hunturu ya shigo. Noman rani ya kawo magudanan ruwa da fadamun shinkafa waɗanda ba sa bushewa.

A nan sai a yi hattara, don ba kullum ne yawan sauro yake nufin yawan ciwo ba. Binciken da aka yi a Niono ta ƙasar Mali, inda ake noman shinkafa da ruwan Kogin Kwara, ya nuna ƙauyukan da ke cikin aikin ban-ruwa sun fi yawan sauro nesa ba kusa ba, amma ba su fi na tudu yawan ciwo ba. Abin da ya canja shi ne ciwon ya bazu cikin shekara maimakon ya taru a damina. Ga mai nazarin turjiya, wannan bazuwar ita ce abin dubawa. Inda rani yake yanke cizo, watanni sukan wuce ba a shan magani, kuma ƙwaya mai turjiya, wadda sauyin da ta yi yakan rage mata kuzari, takan sha kaye a hannun 'yan'uwanta. Inda ake shan magani wata goma sha biyu, ba ta samun wannan cikas. Cutar kuwa ba kaɗan ba ce a jihar: ƙidayar ƙasa ta 2021 ta sami ƙwayar a jinin fiye da yaro ɗaya cikin uku a Zamfara, alhali matsakaicin ƙasa kashi 22 ne cikin ɗari.

Abu na biyu shi ne yadda ake shan magani. A zamanin kulorokwin ƙa'idar babban mutum ƙwaya goma ce cikin kwana uku: huɗu, huɗu, biyu. Amma ga ɗaci, ga ƙaiƙayin da yake sa wa baƙar fata da yawa, wanda kan hana barci. Da zazzaɓi ya sauka sai a ƙulle sauran a gefen zane, a ajiye wa wani. Mai kemis kuma yakan sayar gwargwadon kuɗin da ke hannun mai saye. Ba a faɗi wannan don a zargi talaka ba. Wanda asibiti ya yi wa nisa, kuma kuɗinsa na ƙwaya huɗu ne, ƙwaya huɗu zai saya. Maganin yanzu, irin su Coartem, sha shida ne cikin kwana uku, ƙwaya 24 ga babba, kuma yana son a bi shi da abinci mai maiƙo, kamar nono ko man shanu, kafin ya shiga jiki sosai. Tsohuwar ɗabi'ar ba ta mutu ba. A kan wannan sai a ƙara jabun magani da wanda sinadarinsa bai cika ba, da kuma son allura, wanda za a dawo kansa.

Na uku shi ne zirga-zirga. Talata Mafara tana bisa babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, kuma kasuwarta ta Talata tana tara mutane daga nesa. Ga 'yan ƙodagon shinkafa, ga masu haƙar zinariya da ke yawo tsakanin ramukan Zamfara da na wasu ƙasashe, ga kuma waɗanda rashin tsaro ya raba da gidajensu, har dubbai suka ƙetara zuwa Jihar Maraɗi tun daga 2019. Ba a ce Zamfara Pailin ce ba, domin garkuwar jama'a da yawan cizo sun bambanta ƙwarai. Amma mai haƙa a daji, wanda ba ya zuwa asibiti, mai sayen ƙwaya biyu don ya koma rami, mun riga mun gamu da shi a wannan tarihi.

Akwai kuma rabon maganin riga-kafi na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, aka gwada a Katsina a 2013, aka fara a Sakkwato da Zamfara a 2015. Ana bi gida-gida duk wata ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 haɗin Fansidar da amodiyakwin. Rahoton da aka buga a 2020 ya nuna yana kare yara sosai, kuma alamomin turjiya mai tsanani ba su da yawa a yankin Sahel, ko da yake an ga na ɓangaren Fansidar suna ɗan ƙaruwa. A ra'ayin mai wannan ƙasida, ribar shirin ta fi haɗarinsa nesa. Rauninsa yana ga kwana na biyu da na uku, waɗanda ake bar wa uwa ta ba da amodiyakwin da kanta. Duk yaron da aka tsallake wa su, an bar Fansidar yana faɗa shi kaɗai.

5.0 Atimisinin da Abin da Ke Tafe

Magungunan da ake dogara da su yanzu sun samo asali ne daga wani tsiro na ƙasar Sin, dangin tazargade, wanda Tu Youyou ta fitar da sinadarinsa a 1972, aikin da ya jawo mata lambar Nobel a 2015. Atimisinin yana rage ƙwayoyin cuta ninki dubu goma cikin kwana biyu, amma cikin 'yan sa'o'i ya bar jiki. Don haka ake haɗa shi da abokin tafiya mai daɗewa, kamar lumefantirin ko amodiyakwin, wanda zai share ragowar. Hikimar haɗin lissafi ce. A ƙaddara ƙwaya ɗaya cikin miliyan dubu ce take gagarar na farko, ɗaya cikin miliyan dubu take gagarar na biyu. Kafin a sami wadda ta gagari duka biyun a lokaci guda sai an tara ƙwayoyin da suka fi ƙarfin jikin mutum ɗaya. Wannan lissafi yana rushewa ne idan aka ba da ɗaya shi kaɗai. Shi ya sa tun 2006 aka nemi a daina sayar da ƙwayar atimisinin tilo. Allurarsa kuwa an tanade ta ne don ciwo mai tsanani, kuma ƙa'ida ce a bi ta da cikakken haɗin na kwana uku. Yi wa mai ɗan zazzaɓi allura ɗaya ko biyu a sallame shi, kamar yadda ya zama ruwan dare, daidai yake da ba da maganin tilo.

A 2008 da 2009 aka ba da rahoton cewa atimisinin ya fara jinkirin share ƙwaya daga jini. A ina? A yammacin Kambodiya, har da Pailin ɗin nan dai. A 2014 aka gano gurbin halittar da ke da alhaki, aka san shi da kelch13. Wannan turjiya rabi ce: ƙwayar tana jure maganin ne a lokacin ƙuruciyarta cikin jan ƙwayar jini, saboda haka ragowar da ake bar wa abokin tafiya takan yi yawa. Nauyin ya kan karya shi. A Kambodiya da maƙwabtanta, kafin 2019 ɗaya daga cikin haɗe-haɗen ya kai ga kasa warkar da rabin waɗanda aka ba.

Kowa ya zuba ido ya ga baƙuwa ta uku ta taso daga Asiya. Ba haka aka yi ba. A 2020 aka tabbatar da sauyin kelch13 a Ruwanda, a 2021 a arewacin Yuganda, a 2023 a Iritiriya, kuma bincike ya nuna kowannensu a nan Afirka ya tsiro, ba shi da dangantaka da na Kambodiya. Wani abin da ake zato shi ne, nasarar da aka samu ta rage cutar a waɗannan wurare ta rage garkuwar jama'a, har suka fara kama da Asiya. A Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari na musamman don tunkarar matsalar a Afirka. A Nijeriya, gwajin 2018 da aka yi a jihohin Kano da Filato da Inugu ya nuna haɗe-haɗen suna warkar da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Amma kulorokwin ya ɗauki kimanin shekara goma ne kacal daga Kenya zuwa nan, a lokacin da zirga-zirga ba ta kai ta yau ba, kuma hanyar Sudan da Chadi tsohuwar hanyar alhazanmu ce da fatakenmu.

Turjiya takan ja da baya in an ɗauke mata rariya. Malawi ta janye kulorokwin gaba ɗaya a 1993. Da aka sake gwada shi a Blantyre a 2005, ya warkar da kashi 99 cikin ɗari na yaran da aka ba. Sai dai wannan ya yiwu ne domin akwai wani magani da aka koma gare shi a tsakani, kuma janyewar ta gaske ce. Game da atimisinin, alamar farko da ake nema ba ta bukatar manyan na'urori. Idan aka ba majinyaci cikakken haɗin a gaban ma'aikaci, aka sake duba jininsa da madubin likita a kwana na uku, bai kamata a ga ƙwaya ba. In aka riƙa ganinta a jinin fiye da mutum ɗaya cikin goma, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ɗauka akwai zargin turjiya, a ɗiga jinin a kan takardar tacewa, a busar, a aika ɗakin bincike don a duba kelch13. Wannan aiki ne da asibiti mai madubi ɗaya da ma'aikaci ɗaya ƙwararre a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun zai iya yi, a damina da kuma lokacin shinkafar rani.